Kulocin Kirgi

Duk wanda ya zauna kasuwar Sakkwato a shekarun da kuɗin mai suka yi wa ƙasar nan ambaliya, soja na kan mulki, ya san Tambari Baduku. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Rumfata ta ɗinki tana jikin tasa, saboda haka ni na fi kowa shan wahalar bakinsa. A sana'a kam ba a raina shi, in ya ɗinka maka jaka har jikanka sai ya rataya ta. Ciwonsa ɗaya ne: ya yarda har cikin ransa cewa babu abin da zai lalace a duniya wanda fata ba za ta gyara ba.

Da ya samu kwangilar ɗinka wa sababbin ofisoshi tumtum na fata, kuɗi suka shigo, sai ya ƙi sayen babur kamar kowa. Ya tafi can wajen Kwalkwalawa inda ake gine-gine, ya sayo wata tsohuwar mota a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Waɗanda suka raka shi sun ce Baturen har rungume shi ya yi, yana dariya hawaye na zuba. Tambari ya ce ai ƙauna ce.

Ranar da ya kawo ta bakin kasuwa, ya hau kan bencin Lawali mai shayi ya yi mana bayani.

"Motag ga ba irin taku ta ba. Turbo gare ta."

"Turbo kuma mi na na?" in ji Lawali.

"Zugazugi na, irin na maƙera, cikin inji. In nit taka ta, iska shi shiga, sai tashi. Bature da kainai yac ce min kak in taka ta duka, don hanyoyinmu ba su kai tsawon gudunta ba."

Turbon kam yana nan, muna jin fitonsa. Abin da babu shi ne kuloci, wato farantin nan da ke kama ƙarfin inji ya miƙa wa ƙafafu. Na motar ya cinye tun tana hannun Bature. In Tambari ya taka totur, inji ya yi ta kururuwa kamar zai tsage, mota kuwa tana rarrafe. Shi dai ya ce tana ɗaukar numfashi ne.

Wannan numfashin ne ya raba shi da matarsa Dijatu. Za ta suna Dundaye, ta ci ado, ta ɗebo ƙawayenta, Tambari ya ce yau za su san mijin da take aure. Suna isa wani ɗan hawa mota ta ƙi gaba. Maimakon ya yi shiru, sai ya waiwaya ya ce, "Nauyi na. Dijatu, sauka mu gani."

Ta sauka. Tsautsayi ya sa motar ta lallaɓa ta haye. Tambari ya leƙo ta taga, fuska cike da fara'a, ya ce wa sauran matan, "Kun gani ko?"

Dijatu ba ta je suna ba. Amalanken albasa ta samu ya dawo da ita gari, kuma ba ta zame ko'ina ba sai gidan mahaifinta Malam Junaidu a Minanata.

Malam Junaidu malami ne mai ɗalibai, mutum mai ƙarancin magana. Da Tambari ya je biko, ya tarar Malam na shirin tafiya aikin Hajji. Ya saurari surukinsa har ya gama kare motar, sannan ya ce, "Bari in je in dawo, in Allah ya yarda. Rad da nid dawo in duba hankalinka, in yanke magana."

Kada a yi wa Tambari ƙarya, yana son Dijatu. Wata guda ya rame, rigarsa ta yi masa yawa har sai da na rage masa ita. Ya kan zauna da basilla a hannu yana kallon hanya, in an yi masa ciniki ya amsa da wata magana daban. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ina cikin tausayin ne ya zo mini da dabara.

"Ni za ni ɗauko Malam hilin jirgi," ya ce. "In yaz zauna cikin motag ga yaj ji gudu, da kainai za shi kama hannun Dijatu shi sa ta gidan gaba."

Na ce, "Tambari, ka ɗauki tasi. Ko ka tahi da ƙahwa ka riƙe mai jaka."

"Kai tela na," in ji shi. "Iyakacin saninka allura."

Washegari muka tura motar garejin Muntari makanike. Muntari ya sauke giya, ya ciro farantin kuloci, ya ɗaga shi sama. Ya yi sumul, har ƙusoshin jikinsa sun fito suna ƙyalli.

"Wanga ya mutu," ya ce. "Sabo kau babu Sakkwato, babu Kano. Sai Ikko, kuma an ce jirage sun yi layi bakin teku ba su samu wurin sauke kaya ba. Ka ba shi wata ukku."

Tambari ya karɓi farantin, ya juya shi, ya shafa, ya shinshina. Sai na ga idonsa ya yi haske.

"Ashe takalmi na!" ya ce. "Ƙasan takalmi ya cinye, shi ke nan a sake wani. Wanga ai aikinmu na, makanikai sunka ƙwace."

"Tambari, wuta ka tashi wurin nan in mota na tahiya."

"Wace wuta? Bijimin da yay yi shekara da shekaru cikin ranar Sakkwato hwatatai ba ta ƙone ba, injin Bature za shi ƙona ta?"

In Tambari ya yi irin wannan magana sai ka kwana kafin ka gano inda ta karkace.

Ya koma rumfa ya zaɓo kirgi mafi kauri, fatar wani bijimi da ya daɗe yana ɓoyo. Ya yanka shi daidai faranti, ciki da baya, ya kafe da ƙusoshin jan ƙarfe. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma baduku ba ya iya sakin fata tsirara. Ya rina ta ja wur, ya bi gefe da zane, ya yi mata 'yan taurari, har da tambarin rumfarsa a tsakiya.

Na ce, "Wa za shi ga adon ga cikin inji?"

"Ni na san shina nan," ya ce.

Muntari bai yarda ya ɗaura ba sai da ya kira Lawali da masu faci da wani mai rake, ya ce su shaida ba shi ya ba da shawara ba, kuma duk abin da ya faru kada a ambaci sunan garejinsa. Suka shaida, suna cin rake.

Abin haushi, motar ta tashi. Tambari ya sa giya ya saki kuloci, ta yi tsalle ɗaya ta kama hanya. Ya zagaya kasuwa a hankali yana danna ham, hannu ɗaya a waje. Kwana biyu ba mu huta ba. Ya ce zai buɗe masana'anta, ya ce Turawa za su zo koyo, ya ce wa Muntari in yana son aiki ya zo da wuri kafin a cika.

Abu ɗaya ya dame shi. Duk lokacin da ya taka kuloci sai a ji ƙiiiƙ, irin kukan sabon takalmi. A wurin baduku kuwa kukan fata abin kunya ne, alama ce ba a ba ta mai ta ƙoshi ba. Maganinsa duk ɗan dukawa ya sani tun yana goye. Da safen ranar da jirgin alhazai zai sauka, na iske shi kwance ƙarƙashin mota, ya cire wani ɗan murfi, ya soka mazurari, yana ɗura man shanu daga ƙwarya.

"Muntari ya san da wanga?" na tambaya.

"Muntari ya san hwata?"

Ya taka kuloci, shiru, ba kuka. Ya dube ni ya ɗaga gira. Murfin ma bai mayar ba, ya ce fata na son iska. Sannan ya ce in shiga in raka shi, don a samu mai riƙe kaya. Na shiga, kuma har yau ban san abin da ya kai ni ba.

Filin jirgi ya cika maƙil da masu tarbar alhazai. Haruna, wan Dijatu, ya zo da akori-kura don ɗaukar mahaifinsa. Amma Malam na fitowa, sanye da farar jallabiya da makawiya, Tambari ya kutsa ya durƙusa har ƙasa, ya kwashi gaisuwa, ya fizge jakar hannu, ya buɗe ƙofar gaba ya tsaya. Malam ya dubi akori-kura, ya dubi surukinsa, ya dubi jama'a. Bai so ya kunyata shi gaban mutane ba, sai ya yi bisimilla ya shiga. Tambari bai bar Haruna ya tafi da kaya duka ba, sai da ya ɗaure akwati da buhun dabino a saman motar. Haruna ya girgiza kai ya yi gaba.

Farkon tafiya lafiya lau. Sai wani ƙamshi ya fara tasowa daga ƙarƙashin ƙafafunmu, mai daɗi, irin na man shanu a kasko.

"Suya aka yi kusa?" in ji Malam.

"Garin na haka yanzu, Allah shi gahwarta Malam," in ji Tambari. "Arziki ya yi yawa."

Muka iso wani hawa. Tambari ya gyara zama ya ce, "Malam, riƙe da kyau." Ya taka totur har ƙasa. Turbo ya yi fito, inji ya ɗauki kururuwa, Malam ya kama ƙofa da hannu biyu. Mota kuwa sai ta rage gudu. Mai keke ya wuce mu. Mai tura baro ya wuce mu. Can sai ga wani tsoho da jakinsa ya jero da mu, ya leƙo ta taga ya gane Malam.

"Ah, Malam! Maraba, maraba! An zo lahiya? Ƙaƙa Makka? Ƙaƙa Madina? Ƙaƙa gajiya?"

Malam ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya tambayi Arfa, ya tambayi jifa, ya ba da labarin rasuwar wani maƙwabcinsa, aka yi addu'a aka shafa, duk muna tafiya. Sannan ya ce, "To Malam, bari in yi gaba, sauri nika yi." Ya zunguri jakinsa ya bar mu.

Ban ga fuskar Tambari ba, amma na ga ƙeyarsa tana zufa.

Kafin mu gama hawan, ƙamshi ya juye ya zama ƙauri, irin na babbakar kai da ƙafa ranar Sallah. Hayaƙi ya fara shigowa. Na waiwaya na ga kare ɗaya na bin mu, ba gudu yake ba, tafiya kawai. Jim kaɗan suka zama garke.

A mahaɗar hanya akwai wani soja da bulala yana ba da hannu, don lokacin su ke gyara wa direbobi zama. Ya ga hayaƙi, ya ga karnuka, ya ɗaga hannu. Tsayawa ba ta yi mana wuya ba.

"Kai! Wane ne yana gasa nama cikin mota?"

"Ranka shi daɗe, ba nama ba na, turbo na."

"Buɗe baya!"

Ya duba but, ya duba ƙarƙashin kujera, ya sa na buɗe baki ya leƙa. Bai ga nama ba, ransa ya ɓaci. Malam ya miƙa masa dabino cike da hannu, ya ɗan sauko. Sai ya ga layin motocin da ya taru bayanmu, ya daki bonet da bulala.

"Kafin na ƙifta ido ka ɓace daga nan!"

Tambari ya sa giya, ya taka totur iya ƙarfinsa. Inji ya yi ihu, mota ba ta motsa ba. Soja ya ɗaga bulala. A daidai nan man shanu ya gama ƙonewa, kirgi ya narke ya manne da ƙarfe. Motar ta yi wani irin zillo, kaina ya bugi rufi, makawiyar Malam ta dawo kan cinyata. Muka fita a guje, karnuka suka rufa mana baya.

"Malam!" Tambari ya yi ihu, murna kamar ta kashe shi. "Turbo ke nan! Ka ji ta? Ka ji ta?"

Malam dai leɓunansa na ta motsi da salati.

Sai da muka shigo Minanata Tambari ya taka kuloci don ya rage giya. Ya sake takawa. Ya kama sandar giya ya ja, ta ƙi fita. Ya ɗan karkato kai baya ya yi mini raɗa.

"Ta ƙi saki."

"Taka birki," na ce.

"In nit taka, inji shi mutu."

"To shi mutu mana!"

"Ƙohwar gidan Malam? Gaban Dijatu? A ce mota ta mace sai an tura? Kai dai ba ka da hankali."

Ƙofar gidan Malam an share an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Ɗalibai da maƙwabta sun yi cincirindo, Haruna ya daɗe da isowa har ya sha ruwa. Da aka hango mu, mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida, maza suka miƙe suna gyara riguna. Muka zo, muka wuce.

"Tambari," in ji Malam, "ka wuce gidan."

"Unguwa nika nuna ma, Allah shi gahwarta Malam. An yi gine-gine bayanka."

Ya sha kwana, ya bi bayan masallaci, ya sake fitowa ta layin. Aka sake guɗa, aka sake miƙewa. Muka sake wucewa.

"Na ga unguwa," in ji Malam.

"Akwai wata sabuwar kwata can baya, ba ka gan ta da kyau ba."

Da jama'a suka ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai suka fara gaisuwa guntu-guntu. Limamin unguwa ya tsaya bakin hanya, muna zuwa ya ɗaga murya, "Malam, ƙaƙa hanya?" Sai da muka zagayo Malam ya leƙa ya ce, "Ba ta ƙare ba!" Wani ɗalibi ya biyo mu da moɗar ruwa a guje, ya zubar da rabi a jikina. Tsohuwar da ke jagorancin guɗa muryarta ta dushe, ta fito ta zauna bakin zaure ta ce in sun gama a tashe ta. Hayaƙi ya cika layin, karnukan unguwa suka haɗu da baƙin da muka zo da su. Lawali da Muntari, waɗanda suka zo tarba, suna jingine da bango suna riƙe da ciki.

Ni kam haushi ya gama cika ni. Ina shirin shaƙe Tambari ta baya, sai Malam ya miƙa hannu a natse ya murɗe makulli.

Motar ta yi tari, ta yi tutsu, ta karkace ta soka hanci cikin tulin yashin maƙwabci. Igiya ta tsinke, akwati ya sauko ta gaba, buhun dabino ya fashe a tsakiyar hanya. Sai muka ji wani abu ya faɗo daga ƙarƙashi, ta ramin nan da aka bari don fata ta sha iska. Karnuka suka yi kansa. Wani jan kare ya yi nasara, ya fito da guntun kirgi a baki, baƙi ƙirin, yana hayaƙi, gefe ɗaya da sauran 'yan taurari. Ya ratsa tsakiyar jama'a ya miƙe hanya.

"Tambari!" Muntari ya ƙwala kira. "Ga kulocinka can, yanzu kam shina gudu!"

Dariyar da aka yi har liman sai da ya zauna.

Malam ya fito, ya karɓi makawiyarsa a hannuna, ya taka da ƙafa zuwa ƙofar gidansa. Ya zauna kan buzu, ya sha ruwa, ya yi wa jama'a addu'a. Sannan ya ce a kira Tambari. Tambari ya zo ya durƙusa nesa, hula a hannu, fuska duk baƙin hayaƙi. Na lura asabarin zaure ya ɗan ɗage, Dijatu na tsaye bayansa.

"Na ce ma in nid dawo in duba hankalinka," in ji Malam. "To na duba, ta kowane gehe, har na gaji da dubawa."

Aka yi 'yar dariya, Malam ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Amma na san kana son ɗiyata, ita ma ba ta ce min ba ta sonka ba. Don haka magana guda ta. Dijatu, ko motag ga. Guda za ta kwana gidanka yau. Zaɓi."

Na yi ajiyar zuciya, don wannan tambaya ko yaro ya san amsarta. Kuma na rantse amsar tana kan harshen Tambari, na ga bakinsa ya buɗe da ita. Sai dai kafin ta fito, idonsa ya zame ya koma kan motar, tana can hanci cikin yashi tana fitar da sauran hayaƙi. Ya ɗan karkata kai. Cikin shirun nan kowa ya ji shi yana cewa a hankali, kamar mai magana da kansa, "Da hwatar raƙumi nis sa..."

Dariya ta tsaya a wuyan kowa. Ni sai na ji kamar in yi kuka.

"Baba," in ji Dijatu daga bakin zaure, muryarta ko rawa ba ta yi, "bar wahal da kanka. Ya amsa."

Ta saki asabarin.

Tambari ya zabura. "Dijatu nika so! Malam, wallahi Dijatu! A ƙone motar!"

Gaskiya yake faɗa, kuma duk wanda ke wurin ya san gaskiya yake faɗa. Amma Malam ya riga ya miƙe yana tambaya ina aka ajiye masa buta.